Rumbun Kawu Dogara

Jama'a, kun lura duk kun tuɓe takalma a bakin ƙofa ba wanda ya ce ku tuɓe? To aikin Kawu Dogara ke nan! Mutum ya daɗe a kabari, amma har yau tsoronsa na cire mana takalmi. Ɗakin kwamfutarsa, ko kai ɗan wane ne, a waje za ka bar takalminka, wai ƙura ce ajalin na'ura. Da safe kuwa, kafin ya gaida matarsa Mama Saratu, sai ya fara yaye zanen da ya lulluɓe kwamfutar da shi, ya sunkuya ya ce, "Mun kwana lafiya?" Zanen ma na Mama ne, na zumuntar mata, wanda take ɗaurawa zuwa coci. Ta neme shi sama da ƙasa, ranar da ta gan shi a kan na'ura ta riƙe baki.

"Dogara, zanen zumuntata?"

"Saratu, ke kina da wasu. Ita wannan ba ta da ko ɗaya."

Ni Laraba, 'yar ƙanwarsa, ni aka ce in yi magana yau a taron tunawa da shi, wai don na fi kowa shan faɗansa. Ban musa ba. Amma ga yara can baya da ba su tarar da shi ba, saboda haka masu sani ku yi haƙuri in faro daga tushe.

Kawu mutumin Kagoma ne, ya yi aikin sigina a reluwe nan Kafanchan har ya yi ritaya. Abin da ya mallaka mai daraja a duniya babur ne guda, ja, wanda yake wankewa fiye da yadda yake wanka. To can wajen ƙarshen shekarun tamanin, wani Bature malamin gona zai koma ƙasarsu, yana da kwamfuta da wani akwati cike da diskit. Ku yara, diskit wani ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu kamar tafin hannu, a cikinsa muke ɗaukar abu daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Rannan Kawu ya fita a kan babur, ya dawo a ƙafa, mai baro na biye da shi. Mama ta leƙa bayansa, ta leƙa bayan mai baro.

"Dogara, ina babur?"

"Ga shi nan za a ɗora a tebur."

Mama ta ƙare wa abin kallo, sannan ta ce, "To madalla. Ranar Asabar akwai biki a Kagoma. Ka tayar da ita da wuri, in hau baya."

Tun daga ranar Kawu bai sake mallakar abin hawa ba. In an yi masa tsiya sai ya ce, "Zumunta a ƙafa take, ba a ce a babur ba."

A cikin akwatin nan akwai abin da ku yanzu kuke kira manhaja, mu firogiram muke cewa. Duk na kyauta ne, waɗanda masu son kwamfuta suka ƙirƙira suka sake wa duniya. Akwai na koyon buga rubutu, akwai na kashe bairos, wato cutar kwamfuta, akwai na matse fayil ya ƙanƙance har diskit ya ɗauke shi. Kawu ya zauna da wani tsohon littafi mara bango ya koya wa kansa, har ya iya haɗa su wuri ɗaya. In ka kunna na'ura, abin da za ka fara gani rumbu ne irin na ƙauyenmu, da jinkarsa da komai, wanda ya zana da haruffa zalla, a ƙasa an rubuta: KA ƊIBA, KA ZUBA. Shi ya sa muka kira abin Rumbu.

Kowace Asabar da yamma muke taruwa. Akwai Malam Bulus, malamin lissafi mutumin Nok, wanda ke kula da kwamfutar makarantarsu. Akwai ni, mai buga takardu a ofis, sabuwar na'ura na ba ni tsoro. Akwai akawuna daga nan da can. Sai kuma Alhaji Mamman mai citta, ga shi nan zaune yana murmushi, wanda ba shi da kwamfuta, ba shi kuma da niyyar saye. Kun dai san yadda garin nan ya yi zafi a shekarun, mutum na tunani kafin ya tsallaka unguwar da ba tasu ba. Alhaji bai taɓa fasa zuwa ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ni kallon mahaukaci nake zuwa, hauka kuwa ba ruwanta da addini." Kawu ya ce, "Mai Citta, tuɓe takalminka tukuna, sannan ka zage ni."

Mu wasa muka ɗauki abin, shi kuwa da gaske yake. Ya taɓa ce mini, "Laraba, na ba reluwe ƙuruciyata. Ina kallo jirage suka ragu, ɗakin sigina ya zama gidan gizo-gizo, abin da muka sani ya tafi da mu. Wannan kam ban yarda ya bi ni kabari ba." Tsoron Kawu ke nan guda ɗaya a duniya, kada ya mutu Rumbu ya mutu. Daga wannan tsoron dokokinsa suka fito, su suka hana mu shan ruwa.

Doka ta farko, ba a mayar masa da diskit wayam. Yadda in maƙwabciya ta aiko miki da tuwo ba kya mayar da kwanonta ba komai, to haka. Ka ari firogiram, in za ka dawo da diskit sai da wani abu a kai. Ko me ka iya. Malam Bulus ya rubuta wasan dara. Ni na buga waƙoƙin coci da ranakun kasuwanni. Wani ma'aikacin asibiti ya kawo yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Sai ga wani matashin fasto, sabon zuwa, ya ari na koyon rubutu, ya dawo da shi yadda aka ba shi, yana ta godiya. Kawu ya sa a na'ura, ya duba, ya cire tabarau.

"Fasto, ina naka?"

"Baba, ai ni ban iya komai ba tukuna."

"Kai! Kai da kake mana wa'azin bayarwa kowace Lahadi har miya ta ƙone a gida? Koma!"

Bawan Allah ya koma ya buga wa'azinsa kaf, tun daga gaisuwa har amin, ya kawo Asabar ta gaba yana alfahari. Kawu ya yi ta gangarawa, rubutu ya ƙi ƙarewa. Can ya ce, "Fasto, Allah ya yi albarka. Dama muna neman abu mai tsawo da za mu gwada firogiram ɗin matse fayil." Ya matse shi a gabansa, ya nuna masa. "Ka gani? Ashe yana matsuwa. Ranar Lahadi ma ka gwada."

Doka ta biyu ita ta fi ba mu haushi, ajiya. Kawu ya ce a Kagoma manomin kirki ba ya tara iri a rumbu ɗaya. Sai ya kai kaɗan wurin ƙaninsa, kaɗan wurin surukinsa, in gara ta ci nan, can na nan. Saboda haka ya yanka Rumbu gunduwa-gunduwa a kan diskit, kowane yanki ya yi masa kwafi fiye da ɗaya, ya shiga raba wa jama'a su ajiye masa. Da a ce masu kwamfuta kaɗai yake ba, da sauƙi. Ina! Kowa ya gifta sai ya samu. Tela ya samu. Mai aski ya samu. Limamin unguwar su Alhaji ya samu. Ladi mai ƙosai ta bakin tasha ta juya nata gaba da baya ta ce, "Baba, wannan na mene ne?"

"Ajiya ce. Kada ya jiƙe, kada ya sha rana, kada ya kusanci rediyo."

"Ana cin sa?"

"Jikokinki za su ci."

Kuɗin fanshonsa a sayen diskit yake ƙarewa, alhali mutumin nan ashana ɗaya sai ya tsaga ta biyu. Mama ta ce da ajiyar doya yake rabawa haka, da an naɗa shi sarki. Alhaji da aka miƙa masa nasa ya ce, "Dogara, ni ko rediyona yaro ke kama mini tasha." Kawu ya ce, "Shi ya sa na ba ka. Kai ba za ka taɓa shi ba balle ka ɓata."

Danjuma, kada ka sunkuyar da kai, dole in faɗi naka! Danjuma ɗanmu ne na Asabar, da ya sami hali ya buɗe shagon buga takardu kusa da kasuwa. Sai labari ya iso cewa yana kwafar firogiram ɗin kashe bairos daga Rumbu yana sayarwa. Muka ce yau akwai yaƙi. Washegari Kawu ya ɗauki kujerarsa ta katako a ka, ya taka har kasuwa, ya dasa ta a ƙofar shagon, ya zauna ya buɗe lema. Duk wanda ya nufo da diskit a hannu sai ya tare shi da fara'a.

"Sannu da zuwa. Maganin bairos? Kyauta ne. Gidana, Asabar, bayan la'asar. Akwai kunu."

Danjuma ya fito da sauri. "Baba, kashe mini kasuwa za ka yi?"

"A'a ɗana, talla nake maka. Buga takarda guminka ne, ci abinka. Wannan kuwa ba kai ka shuka ba. Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu."

Kafin azahar Danjuma ya sallama. Shi ya ɗauko wa Kawu kujerar har gida, ya kuma dawo da sabuwar ajiya a aljihu, don Kawu bai bar shi ya fita hannu rabbana ba.

Can wajen ƙarshen shekarun casa'in Malam Bulus ya zo da labari, wai a Kaduna akwai inda aka haɗa kwamfuta da wayar tarho, kana zaune kana leƙa duniya. Kawu ya ce ƙarya ce, amma a kai shi ya ga ƙaryar. Muka shiga mota ta Kachia, ni da shi da Malam Bulus. Da muka isa, Kawu ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, mutane na ta kallonmu, ni kunya kamar in nutse. Mai wurin ya buɗe mana wani shafi na masu son kwamfuta. Mutane daga ƙasashe daban-daban, ba su taɓa ganin juna ba, wannan ya ajiye firogiram kyauta, wancan ya gyara masa kuskure, wani ya yi tambaya a ba shi amsa. Kawu ya matso da fuska har hancinsa na neman taɓa gilashi. Ya daɗe. Sannan ya juyo a hankali.

"Bulus, kai ne ka yi surutu?"

"Surutun me, Baba?"

"Wa ya kai musu labarin Rumbu? Dubi, komai namu sun kwaikwaya. Kunu kawai suka rasa."

A shafin muka samo wani firogiram mai ceto abin da ke kan diskit in ya fara lalacewa. Wanda ya yi shi, wani mutum can ƙasar sanyi, ya rubuta cewa ba ya son kuɗi, in ka ji daɗin aikinsa ka aika masa kati mai hoton garinku. Kawu ya yi tsalle ya dire.

"Kati? Mutum ya ba ka magani ka mayar masa da takarda? Ba a yi mini wannan tarbiyyar ba."

Muna dawowa ya zarce shagon Alhaji, ya zaɓi busasshiyar citta 'yar Kachia, mai kyan, ya ɗinke ta cikin ƙyalle ya kai gidan waya. Ma'aikacin ya yi ta atishawa yana tambaya ko mutumin ɗan'uwansa ne. Kawu ya ce, "Ɗan Rumbu ne." Alhaji kuwa har yau bai huce ba. Ya ce cittarsa ta sha zuwa Turai, amma ranar ce ta fara tafiya kyauta.

To, yanzu zan zo inda dariya ke ƙaranci. Damina ta gaba Kawu ya kwanta, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. Yana kwance wata ranar Talata da rana aka yi hadari irin na garin nan, tsawa ta faɗa kan turken wuta na ƙofar gida, wuta ta biyo waya ta kama ɗakin kwamfuta. Maƙwabta sun kashe ta kafin ta ci sauran gidan, amma na'ura ta narke, akwatin diskit ya narke, zanen zumunta ya zama toka. Wannan ɗakin da muke ciki, daga baya muka sake rufa shi.

Ni na shiga na faɗa masa. Na ce, "Kawu, kada ka damu, ai akwai ajiya." Ya juya fuska bango.

"Laraba, ni ba yaro ba ne. Na san dariya ake mini. Da idona na ga ɗaya a ƙarƙashin ƙafar teburin tela, an tokare shi da shi. Ban yi magana ba ne kawai. Sun zubar, 'yata. Rumbu ya riga ni tafiya."

Wallahi tunda nake ban taɓa jin muryar Kawu haka ba. Ya daina cin abinci, ya daina faɗa, rashin faɗan nan shi ya fi tayar mana da hankali. Na fita na sami Alhaji a shago na faɗa masa, ina kuka. Ya rufe shago da rana tsaka, ya tayar da babur.

Ranar Asabar bayan la'asar, Malam Bulus ya aro kwamfutar makaranta, muka kafa ta a gefen gadon Kawu. Kawu ya ce mu fitar da ita, ba ya son gani. Sai muka ji sallama. Ladi mai ƙosai ce, da kwano a rufe. Ta tuɓe silifas, ta durƙusa, ta buɗe. Ƙosai ne mai zafi, a kan murfin kuma ga diskit naɗe cikin leda.

"Baba, ga ajiyarka. Bai jiƙe ba, bai sha rana ba. Mai dai ya ɗan taɓa shi."

Kafin ta tashi ga mai aski. Ga fasto, ya zaro nasa daga tsakiyar Littafi Mai Tsarki. Ga aike daga liman, an naɗe cikin farin ƙyalle. Ga Danjuma da nasa cike da aljihu. Ga mutanen Kagoma da doya, ga wata tsohuwa daga Nok da ni ban ma san Kawu ya ba ta ba. Har tela ya zo yana sosa ƙeya, da nasa a lanƙwashe. Ashe Alhaji gida-gida ya bi, unguwarsu da tamu da ƙauyuka. Takalma suka cika ƙofa har waje, kowa da kwanonsa na dubiya, ba wanda ya zo wayam.

Malam Bulus na sawa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun mutu murus. Wasu sun yi gardama, sai firogiram ɗin mutumin ƙasar sanyi, wanda ke cikin ajiyar Malam Bulus, ya lallashe su suka buɗe, har na Ladi mai maiƙo. Kawu tun yana kallon bango, ya koma kallo ta wutsiyar ido, can sai muka ji, "Bulus, ba haka ake riƙe diskit ba! Wa ya koya maka?" Mama ta ɗaga hannu sama ta ce, "Yabo ga Ubangiji, ya fara faɗa!"

Kusan komai ya dawo, sai abu ɗaya, shafin farko mai zanen rumbu, wanda Kawu ya yi da hannunsa. Kwafinsa da muka sani shi ne na ƙarƙashin teburin tela, shi kuwa ya mutu. Sai Alhaji ya gyara zama, ya sa hannu a aljihun babbar riga, a hankali don mugunta, ya fito da nasa. A akwatin ƙarfe ya ajiye shi, tare da takardun gidansa, a ɗakin ajiyar citta. Aka sa. Na'ura ta yi ɗan gurnaninta, sai ga rumbu da jinkarsa, KA ƊIBA, KA ZUBA.

Kawu ya kalla, ya kalla, hawaye na bin kuncinsa bai share ba. Mu duka muna ta jan hanci. Can ya miƙa hannu aka ba shi diskit ɗin, ya juya shi.

"Mai Citta."

"Na'am, Dogara."

"Me ka ƙara a kai?"

"Kai, wannan mutum! Kana bakin kabari ma ba za ka bar ni ba? Shinshina ka ji."

Kawu ya kai hanci. Ƙamshin citta ya kama shi har ciki. Ya yi atishawa, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "An karɓa."

Da jama'a suka watse, Malam Bulus ya kashe na'ura. Mama Saratu ta shiga ɗaki ta fito da sabon zanenta na zumunta, wanda ko sau ɗaya ba ta ɗaura ba, ta warware shi ta lulluɓe kwamfutar da hannunta, ta gyara gefe da gefe. Ta ce, "Kada ƙura ta shiga." Kawu ya bi ta da ido.

Bai kai lokacin kaka ba. Amma ya tafi ya san Rumbu na nan, ya kuma san a hannun wa yake.

Ya Ubangiji, ga bawanka Dogara. Abin da ka ba shi bai ci shi kaɗai ba, bai kuma dawo maka wayam ba. Ka gafarta masa, ka ba shi hutawa a wurinka, ka riƙe mana Mama Saratu, ka bar mu a haɗe yadda ya bar mu. Alhaji, na ga bakinka na motsi, yi naka irin addu'ar, duk wuri ɗaya za su. Amin.